Takardun Da Ke Tsare Gwauruwa Da Marayu

Duk wanda ya taɓa zama cikin majalisar dattawan Ekklesiya ya san ƙarar da ta fi kowace yawa bayan jana'iza. Tun ba a kwashe kujerun zaman makoki ba, sai ka ji dangin mamaci suna neman mabuɗin shago, da takardar fili, da katin banki. Matar da ta yi shekara ashirin tana tara abin nan tare da mijinta sai ta koma baƙuwa a gidanta, yara kuwa a cire su daga makaranta. Fasto ya yi roƙo, zumuntar mata ta yi karo-karo, amma in magana ta kai kotu, alƙali takarda zai tambaya.

Takarda ta farko ita ce ta aure, a nan ne kuma da yawa daga cikinmu ke ruɗewa. Mutane suna tsammani duk auren da aka ɗaura a majami'a da farar riga da zobe auren doka ne. Ba haka ba ne. Dokar Aure ta Nijeriya ta ce sai an fara ba da sanarwa a ofishin rajistar aure, a manna ta kwana 21, in ba wanda ya kawo ƙorafi sa'an nan rajistara ya ba da satifiket, a kuma ɗaura auren kafin wata uku su cika daga ranar sanarwar. Majami'ar ma sai mai lasisin ɗaura aure, a yi shi ƙofofi a buɗe, tsakanin ƙarfe takwas na safe da shida na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaurawa. In an biya sadaki bisa al'ada, aka zo coci fasto ya sa albarka ba tare da satifiket ɗin rajistara ba, to, auren yana nan, 'ya'yansa halatattu ne, amma a idon doka auren gargajiya ne.

Bambancin yana fitowa ne ranar da miji ya rasu bai bar wasiyya ba. Mai auren doka, doka ce a rubuce za ta raba dukiyarsa, matarsa kuma tana da rabo sananne. Yawan rabon ya danganta ga jiha. Inda ake bin tsohuwar dokar Ingila, sulusi ne in akwai 'ya'ya, rabi in babu. Mai auren gargajiya kuwa, al'adar ƙabilarsa ce za ta yi aiki, ga shi a al'adu da yawa mace ba ta gadon mijinta, 'ya mace ba ta gadon gonar ubanta. Miji da matan da suka yi auren gargajiya suna iya zuwa su yi na doka ko bayan shekara talatin, muddin ba wata matar a tsakani.

Kotuna dai sun rage wa irin waɗannan al'adu ƙarfi ƙwarai. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje cewa al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko yanayin haihuwa. A wannan shekarar kuma, a shari'ar Anekwe da Nweke, kotun ta yi watsi da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba. Ko da yake daga kudu shari'un suka taso, hukuncin Kotun Ƙoli ya hau kan kowace kotu a ƙasar nan, har kotunan gargajiya na Filato da Kaduna da Taraba. Sai dai a tuna, irin wannan shari'a takan ci shekaru kafin ta kai ƙarshe. Gwauruwar da ke sayar da ƙosai ba ta da wannan lokaci, ba ta kuma da kuɗin lauya.

Shi ya sa wasiyya ta fi sauƙi. Na sha jin ana cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, ko rashin bangaskiya. Masu faɗin haka su tuna Annabi Ishaya ne da kansa ya umarci Sarki Hezekiya ya kintsa al'amuran gidansa, sarkin kuwa ya ƙara shekara 15 a duniya bayan haka.

A jihohin Arewa da dama har yanzu dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ake bi, wasu kuwa, kamar Kaduna, sun yi tasu. Amma ginshiƙan ɗaya ne. Wasiyya sai a rubuce, mai ita yana cikin hankalinsa, ya sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Ga tarkon da ke kama mutane: shaida ba ya cin abin da aka bar masa a wasiyyar da ya shaida, haka ma matarsa ko mijinta. Watau in ka sa babban ɗanka ya zama shaida don ka fi yarda da shi, ka hana shi rabonsa da hannunka. A nemi maƙwabci ko dattijon Ekklesiya wanda ba shi da kome a ciki. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi haka. Wani abu kuma, a ƙarƙashin dokar 1837 ɗaura aure yana rushe wasiyyar da aka yi kafinsa. Saboda haka masu niyyar zuwa ofishin rajista su fara gama wannan, sa'an nan su rubuta wasiyya.

Ba a wasiyya da abin da ba naka ba. Gonar gandu da ba a raba ba ta dangi ce duka. Masu bi waɗanda iyayensu Musulmi ne su san cewa a shari'ar Musulunci bambancin addini yana hana gado, amma uba yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba. Magana ce da ake yi da ladabi, tun mahaifi yana da rai.

Ma'aikata kuma su daina dogara ga gurbin nan na fom inda ake rubuta ɗan'uwa mafi kusa. Sunan da ke wurin na wanda za a nema ne in wani abu ya faru, bai mai da shi magaji ba. Banki ba zai saki kuɗin mamaci ba sai an kawo takarda daga ofishin gado na Babbar Kotun jiha: in akwai wasiyya, takardar tabbatar da ita, in babu, takardar izinin kula da gado, wadda ta fi cin lokaci, ana kuma neman masu tsayawa. Kamfanonin fansho ma haka suke nema. Sau da yawa za ka tarar mutum ya rubuta sunan ƙanensa tun yana saurayi, ya yi aure ya haifi biyar bai koma ya gyara ba. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara, kuɗin nan kuwa wanda aka ambata a takardar inshorar ake biya. A je a duba sunan wa ke ciki.

Mai shago ko injin niƙa da ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi da kasuwancin abu ɗaya ne, ranar da ya rasu asusun ya tsaya. Kamfani kuwa yana ci gaba, hannun jarin ne ake gada. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya tak yana iya kafa ƙaramin kamfani. Masu haɗa jari su rubuta yarjejeniya, domin in babu ita mutuwar ɗaya tana rushe haɗin. Ekklesiyoyi ma abin ya shafe su: filin majami'a da aka saya da sunan fasto ko wani dattijo yana iya shiga gadon 'ya'yansa. A mai da takardar ta koma sunan amintattun Ekklesiya masu rajista.

Game da haraji, babu harajin gado a Nijeriya. An taɓa kafa shi a 1979, aka soke shi a 1996. Abin da ake biya a ofishin gado kuɗin kotu ne bisa ƙimar dukiyar, kowace jiha da nata ma'auni. Amma in gidan da aka gada ya fara kawo kuɗin haya, wannan kuɗin shiga ne, haraji yana hawa kansa. Bisa sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, N800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba a karɓar kome a kai, daga nan ya fara daga kashi 15 cikin ɗari har ya kai 25 ga manyan masu samu. Mai sana'ar kansa hukumar harajin jihar da yake zaune yake biya wa, ya riƙa ajiye rasit, gama akan nemi shaidar biyan haraji wajen sauya suna a takardar fili.

Bayan an rubuta wasiyya, a kai ta ajiya ofishin gado na Babbar Kotu ko wurin lauya, a gaya wa wanda aka naɗa ya zartar da ita, a kuma gaya wa uwargida inda take. Gwauruwar da aka riga aka taso wa, kada ta miƙa ainihin takardun fili da na aure ga kowa, sai hotonsu. Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi, haka ma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. In za ta je, ta riƙe satifiket ɗin aure, da takardar shaidar rasuwa, da takardun haihuwar yara.