Tambayar Keke Da Ta Ƙure Turancin Yayata

Wata Asabar da yamma a gidanmu da ke Narayi, yayata ta miƙo min wayarta ta ce in zama mai yi mata jarrabawa. Ma'aikaciyar jinya ce, tana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS saboda tana son aiki a Ingila. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a can tana buƙatar maki 7 cikin 9 a ɓangaren magana. Kuɗin jarrabawar kuwa ba na wasa ba ne, ta daɗe tana tsakurarsa daga albashinta.

Na karanto tambayar farko: "Do you like bicycles?" Ta ce "Yes." Shi ke nan, ta yi shiru. Na tambaye ta ko ta taɓa mallakar keke tana yarinya, sai ta ce, "No, but I used to climb my brother's own." Matar da ke yi wa marasa lafiya bayanin magani da Turanci kullum, ga ta keke ya ƙure ta.

Ƙannena na sakandare, kada ku yi mata dariya, domin yawancinmu haka za mu yi. A jarrabawar WAEC akwai takardar da ake kira Test of Orals, tambayoyi 60, amma da fensir ake amsa su. Mutum zai iya cinye ta tas bai buɗe baki ba. Ita kuwa IELTS mutum ne zai zauna yana sauraronka na minti 11 zuwa 14. A kashi na farko zai yi maka ƙananan tambayoyi a kan rayuwar yau da kullum: gida, abinci, ruwan sama, keke. A na biyu zai ba ka kati mai ɗauke da batu, ka yi shiri na minti ɗaya, ka yi magana har minti biyu. A na uku sai a faɗaɗa batun ya koma tattaunawa. Abin da ake aunawa shi ne yadda magana ke tafiya ba tare da yawan cijewa ba, yawan kalmominka, nahawu, da furuci.

Kuskuren yayata na farko daga Hausa ya taso. Mu muna cewa "na hau keke", sai kwanya ta juya shi ya zama "climb". Wani kuma ya tuna "tuƙa keke" ya ce "drive". A Turanci "ride" ake yi wa keke, kamar doki, ko kuma mutum ya ce "I cycle to school". Haka nan "my brother's own" Turancin unguwa ne, "my brother's" kawai ya isa.

Akwai wani tarko da ya shafe mu 'yan Kaduna. A bakin titin Kachia, daga Barnawa har Sabon Tasha, idan ka ce "keke" kowa zai ɗauka mai ƙafa uku kake nufi, wato Keke Napep. Mai jarrabawa bai lallai ya san wannan ba. In za ka ambace shi, ka ce "tricycle taxi", ka ƙara ɗan bayani. Wannan bayanin ma riba ne a gare ka, domin ya nuna kana iya fayyace abin garinku ga baƙo.

Furuci kuma, mu Hausawa mun san inda ƙafarmu ke zamewa. Keke cike yake da harafin p: "pedal", "pump", "puncture". Mun riga mun mayar da su feda da famfo, don haka baki ke saurin kai su ga f. Ka haɗe leɓɓanka gam kafin ka saki iska, ka riƙe takarda a gaban bakinka, in ta motsa da ƙarfi to p ɗin ta fita. Ba a ce sai ka yi magana kamar mai karanta labarai a BBC ba. Ana so ne a gane abin da ka faɗa ba da wahala ba.

Amma duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne. Babbar matsalar ita ce "Yes" ɗin nan da ta tsaya ita kaɗai. Mai jarrabawa ba ruwansa da ko kana son keke ko ba ka so. Turancinka yake son ji, kuma ba zai auna abin da ba ka furta ba. Wasu suna magance wannan da haddace amsoshin da suka samo a intanet, sai ka ji yaron Kakuri yana cewa keke na rage gurɓatar iska a manyan biranen duniya, da murya irin ta mai biya hadda. Masu jarrabawa an horar da su gane haddace, kuma tana rage maki. Ni a ganina ma ɓata lokaci ne, tunda da an sauya kalma ɗaya a tambayar, haddar ta rushe.

Abin da ya yi wa yayata aiki shi ne komawa ga abin da ta sani. Na ce ta ba ni labarin keken nan da Hausa tukuna. Nan take baki ya buɗe: yadda take sace keken yayanmu in ya tafi masallaci, yadda ƙafarta ba ta kai feda daga kan sirdi sai dai ta zura ta ta tsakiya, ranar da birki ya ƙi ci ta afka cikin kwata, da yadda mai faci ya tona mata asiri. Ashe labari na nan, ita ce ta ɗauka bai isa a kai shi gaban mai jarrabawa ba. Muka nemo kalmomin da take buƙata, ba su fi shida ba: "saddle", "brakes", "chain", "flat tyre", "gutter", "fell off".

Ko a kashi na uku, inda ake iya tambayar dalilin da ya sa mutane suka rage hawa keke, ɗan kudancin Kaduna yana da abin faɗa. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002. Ku tambayi iyayenku yadda ma'aikatan masaƙu ke fitowa a kan kekuna in an tashi aiki, da irin darajar da Raleigh, keken Ingila, ke da ita a wancan lokaci. Daga baya babura suka cika gari, titi ya yi wa mai keke haɗari. Wannan amsa ce mai dalili da misali, kuma babu wanda zai zarge ka da kwafowa. In kana son ƙarin abin cewa, tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya.

Ku gwada da abokin zamanku a aji. Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya amsa da jimla uku: amsar kanta, dalilinta, sai wani abu da ya taɓa faruwa da shi. In akwai waya a gida, ku naɗi muryarku ku saurara. Karon farko za ku ji kunya, ni ma da na ji tawa sai da na kashe wayar.

Bayan mako biyu na sake yi wa yayata tambayar. Ta ce, "No, I didn't, but I used to ride my brother's whenever he went out. One day the brakes failed and I ended up in a gutter." Ta ci gaba har sai da na ɗaga hannu na tsayar da ita. Yayanmu yana tsakar gida yana jin komai, kuma sai a ranar ya san wanda ya lanƙwasa masa ƙafar gaba.