Zangon Karatu a Ƙasar Waje: Abin da Ɗalibin Ingilishi na Jihar Maraɗi Ya Kamata Ya Sani

Musayar ɗalibai yarjejeniya ce tsakanin jami'o'i biyu, wadda take ba ɗalibi damar barin jami'arsa na tsawon zango guda, wato kimanin wata huɗu zuwa biyar, ya zauna a ajin wata jami'a a wata ƙasa, sannan ya komo a lissafa masa abin da ya karanta can tamkar a gida ya yi shi. Tsarin ya yi ƙarfi a Turai tun daga 1987 da aka kafa shirin Erasmus, kuma ɗaliban harsuna sun fi kowa bukatarsa, domin harshe ba ya zama a baki sai kunne ya sha shi safe da yamma. Nijeriya ta gane haka, shi ya sa ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, inda ɗaliban Faransanci na jami'o'inta suke zuwa su zauna.

Yaron da ya taso a gundumomin Agye, Gazawa ko Gidan Rumji da Faransanci yake fara boko, ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya shiga kwaleji, a can ma 'yan awoyi ne a mako. In ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare ya zaɓi nazarin Ingilishi, yawanci Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai yake nufa, inda zai karanta nahawu da adabi, alhali da ya fita ƙofar aji sai Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Sakamakon shi ne a sami ɗalibi mai iya feɗe jimla a kan allo, amma in baƙo ya yi masa tambaya da sauri sai ya yi turus. Wannan giɓi ya ƙara muhimmanci tun daga Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

A ido, babu wanda ya kai ɗan wannan yanki sa'a, domin daga Maraɗi, ta Ɗan Isa da Jibiya, Katsina tafiyar 'yan awoyi ce, kuma ga Jami'ar Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk da Ingilishi ake koyarwa. Sai dai a cikin wannan sauƙi ne tarkon yake. Ɗalibin da ya sauka Kano zai sha shayi da safe da Hausa, ya yi cinikin adaidaita sahu da Hausa, ya ji huɗubar Juma'a da Hausa, abokan ɗakinsa kuma da sun ji lafazin Gobir ko na Katsinar Maraɗi a bakinsa za su karɓe shi a matsayin ɗan gida, babu mai sake wahalar da shi da Ingilishi. Yana iya cinye zangon gaba ɗaya bai yi hira ta minti goma da harshen da ya je nema ba. Ko a Gana bai tsira ba in ya sauka a unguwar Nima ta Akara ko zangon Kumasi, inda Hausa take cin kasuwa. Saboda haka zaɓen masauki ya fi zaɓen gari nauyi: wanda ya nemi ɗaki tare da Bayarabe ko Ibo, ya shiga ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo, ya daure wa kunyar yin kuskure a bainar jama'a, shi ne zai komo da riba.

Sai batun takardu, wanda a nan ne da yawa suke asarar wata biyar. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin lisans, masta da dakta, inda kowane zango yake da kiredi 30, wato ma'aunin nauyin aikin da ɗalibi ya yi, kuma maki a kan 20 ake bayarwa, alhali a Nijeriya a kan 100 ne, 70 kuma shi ne mafarin daraja ta ɗaya. In ba a rubuta tun kafin tafiya waɗanne darussa za a ɗauka da yadda za a juya makinsu ba, da sa hannun shugabannin sassan biyu, ɗalibi zai iya dawowa a ce ya maimaita zangon. Kalandar ma ba ta da tabbas: yajin aikin malaman jami'o'in Nijeriya na 2022 ya ci wata takwas, iyakar ƙasashen biyu kuwa an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO a Janairun 2025, wajibi ne mai tafiya ya bincika ƙa'idar shiga da zama kafin ya ɗaura kaya, ya kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Kuɗin tafiya a wannan karkara galibi daga rumbu yake fitowa, daga buhunan aya da wake da gyaɗa, ko ragon da uwa ta yi kiwo, don haka bai kamata a kashe shi a kan yawon buɗe ido ba. Uban da ɗansa ya zo masa da wannan magana ya nemi ganin takardar yarjejeniyar jami'o'in biyu, ya kuma tambaye shi da wa zai zauna a ɗaki, kafin ya kai hatsinsa kasuwa.