Shekarar manomi ba ta ƙarewa da kaka

A kudancin ƙasarmu Nijar, daga Dogonduci har Damagaram, damana wata 3 ce ko 4, amma ci na wata 12 ne. Saboda haka ya kamata kowane manomi ya san abin da kowane lokaci yake iya ba shi.

Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, ake sassabe, a kai taki gona, a tanadi iri. Mai hankali ba ya sare gawo, domin da damana yake zubar da ganye, hatsi kuma ya fi kyau ƙarƙashinsa.

In ruwan shuka ya sauka, galibi cikin Yuni, sai a shuka hatsi a jigawa, dawa a fadama da ƙasa mai laka. Wake yana biyo baya tsakanin layukan hatsi. Gujiya, riɗi da aya, wadda jihar Maradi ta shahara da ita, su ne na kuɗi. Noman fari da maimai ba su jira: wanda ya makara, haki ya cinye masa gona. Inda ruwa yake saurin ɗaukewa, iri mai nuna da wuri kamar HKP ya fi dacewa.

Kaka tana kamawa daga Satumba zuwa Oktoba. A nan ne wasu suke kuskure: su sayar da damma da arha, su sayo hatsi da tsada tsakiyar damana mai zuwa, sa'ad da rumbu ya ƙare.

Maganin wannan shi ne noman rani. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su rungumi garake, aikin kuwa ya kafu. Da sanyin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ake dasa albasa a Galmi da Madawa, a cire ta kafin zafi ya tsananta. Ta Galmi har Abijan da Akara ake kai ta. A Jiratawa ana noman alkama da zogale, a Matamaye rake, a Mirya kayan miya, a bakin Komadugu tattasai.

Ƴan uwa manoma, wanda ya samu rijiya ko tabki kusa da shi, kada ya bar ɗari ya wuce yana zaune. Kuɗin garka shi ke tsare rumbu har sabon hatsi ya nuna.