Kuɗi ko Maki: Wanne Ya Fi Sauƙi a Tikitin Jirgi?

Kakannin Hausawan da ke zaune a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Maiwurno zuwa Abu Na'ama, da ƙafa suka nufo gabas, wasu da niyyar Makka, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu a jirgin sama suke zuwa Jidda. Da yawa suna da ɗa ko ƙane da ke aiki a Saudiyya, wanda kan bugo waya ya ce: "Baba, kada ka sayar da riɗinka, ina da maki." Shin makin nan ya fi kuɗi araha?

Maki tukuici ne da kamfanin jirgi ke rubuta wa fasinja gwargwadon nisan tafiyarsa ko tsadar tikitinsa. Kamfanin American Airlines ne ya yayata tsarin a 1981, sauran suka bi sahu. Saudia na da Alfursan, EgyptAir na da EgyptAir Plus, Ethiopian Airlines kuma ShebaMiles. In maki ya taru, sai a musanya shi da kujera.

Sai dai tikitin maki ba kyauta ba ne. Harajin filin jirgi da sauran caji dole a biya su da tsabar kuɗi. Don haka lissafin shi ne: a cire wannan caji daga farashin tikiti, a raba abin da ya rage da yawan makin da ake nema. A ce tikiti dala 400 ne, kamfani kuma yana son maki 25,000 da dala 150. Makin ya tsare maka dala 250 ke nan, wato dala 10 a kan kowane maki 1,000. In farashin ya haura zuwa dala 700 a lokacin cunkoso, makin bai canza ba, darajarsa ta zarce ninki biyu. A ranar tsada maki ke da amfani. A ranar araha, biya da kuɗi ya fi.

A nan ne gizo ke saƙa. Kujerun da ake warewa don masu maki kaɗan ne, kuma a watan Azumi, lokacin da kowa ke son Umara, su ne ke fara ƙarewa. Aikin Hajji kuwa ta hannun hukuma ake shirya shi, kuɗin jirgi na cikin jimillar da alhaji ke biya, maki ba shi da hurumi a ciki.

Yaƙi ma ya canza lissafin. A ranar 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke a Sudan aka rufe filin jirgin Khartum, zirga-zirga ta koma Port Sudan. Kamfanonin gida irin su Badr da Tarco suka ɗauki kaso mai yawa na fasinjoji, kuma makin Alfursan ba ya sayen kujera a cikinsu. Mai kuɗi a aljihu ko a manhajar banki ta Bankak yana iya shiga duk jirgin da ya samu, ko ya sauka Sawakin ya hau na ruwa zuwa Jidda. Mai maki sai ya jira kamfaninsa.

Wani zai ce ai fam ɗin Sudan zubewa yake yi. Gaskiya ne: a Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajarsa daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala, bayan ɓarkewar yaƙi kuma ya haura 2,000. Amma maki ma ba ma'ajiya ba ce. Tamkar rumbu ne da mabuɗinsa ke hannun wani: kamfani na iya ƙara yawan makin da ake nema duk ranar da ya ga dama, wasu kuma suna sa wa'adi. Na Emirates, alal misali, yakan mutu bayan kimanin shekara uku.

Manomin da ke hawa jirgi sau ɗaya a shekaru da dama ba zai tara makin kirki ba, kuma bai kamata ya sayi tikiti mai tsada don kwaɗayinsa ba. Ɗansa da ke kai da komo tsakanin Riyad da Alƙahira shi ke da riba, tunda galibin kamfanoni sun yarda a yanka wa ɗan'uwa tikiti da maki. Kafin a amsa masa da "to", a tambaye shi abu uku: nawa ne cajin da za a biya da kuɗi, akwai kujera a ranar da ake so, kuma in tafiya ta fasa, makin zai dawo?