Takardun Bayin Karibiyan da Wanda Yake Riƙe da Mabuɗinsu

Tun daga watan Oktoba na 2023, sa'ad da masu kutse suka afka wa Babban Laburaren Birtaniya har taskokinsa na intanet suka yi watanni a rufe, ya wajaba ga duk mai karantar da tarihin tsibiran Karibiyan ya sake lale, domin wannan waƙi'a ta bayyana cewa ilmin da ake cewa an mayar wa jikokin bayi, mabuɗinsa har yanzu yana hannun waɗanda suka mulke su.

Sababin haɗin gwiwar da ake yi da jami'o'in ƙetare don ɗora takardun bayi a intanet sananne ne. Da yawa daga cikin daftarorin mulkin mallaka suna jibge a Ingila da Faransa da Sifen, ta yadda a da sau da yawa ɗalibin Jamaika ba ya ganin abin da aka rubuta a kan kakanninsa sai ya ƙetare teku. Saboda haka aka kafa taskar intanet ta dLOC a 2004, aka buɗe SlaveVoyages a 2008 mai ƙunshe da bayanin tafiye-tafiyen jiragen bayi kusan 36,000, kana a 2013 malaman jami'ar UCL ta Landan suka baje sunayen iyayengijin da suka raba fam miliyan 20 na diyya bayan dokar 'yanta bayi ta 1833, alhali bayin da aka zalunta ba su sami ko anini ba. Fa'idar wannan aiki ba ta ƙidayuwa, gama malami yana iya ɗora wa almajiransa hujja su bincika da kansu, har su riski irin su Abubakar Siddiƙ, haifaffen Timbuktu, wanda ya sha bauta a Jamaika, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci.

Masu kare tsarin suna cewa ba don dukiyar jami'o'in Turai da Amurka ba, da gara da guguwa sun cinye takardun. Wannan gaskiya ne, kuma dLOC ta kyauta da ta bar haƙƙin mallaka ga ma'ajiyar da ta ba da takarda. Amma akasarin na'urori da ma'aikata suna can ƙetare, kuma mai ba da kuɗi shi yake zaɓen abin da za a fara ɗauka, wanda sau da yawa littafin lissafin ubangiji ne, inda bawa ba shi da ambato sai shekarunsa da farashinsa. Abin da ya dace shi ne a ajiye cikakken kwafi a rassan Jami'ar West Indies da ke Mona da Cave Hill da St Augustine, malamansu kuma su riƙa zaɓen abin da za a gabatar.