Skinner, malamin da ya ɗauki darasi wurin kusu da tattabara

Ran 11 ga watan Nuwamba na shekara ta 1953, wata lakkol ta garin Cambridge, cikin ƙasar Amurka, ta gayyaci uwayen yara su zo su ga yadda ake karatu. Cikin waɗanda suka zo har da Burrhus Frederic Skinner, malami a jami'ar Harvard. Ya samu wuri a bayan ajin ƴarsa ƙarama ya zauna, ana darasin lissafi. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Waɗansu yara sun gama aikin nan da nan suna zaman banza, waɗansu kuwa sun kasa, sai zufa suke yi. Sa'an nan aka tattara takardu, ba yaron da zai san ko ya yi daidai sai an kwana. Skinner ya yi shekara 20 da ɗoriya yana binciken yadda dabba ke koyo, ya kuwa tabbata da haka ya koyar da tattabara, da ba ta koyi kome ba.

An haifi Skinner ran 20 ga Maris 1904 a Susquehanna, wani ƙaramin gari na jihar Pennsylvania. Ubansa lauya ne. Da fari adabi ya karanta, yana so ya zama mawallafi. Ya gwada har shekara guda, abin bai yi ba. Cikin wannan hali ya gamu da littattafan mutum biyu: Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya nuna kare na iya zubar da miyau in ya ji alamar da ya saba ji kafin abinci, da John Watson na Amurka, wanda ya ce tun 1913 mai binciken halayya ya bar zancen abin da ke cikin zuciya, ya dubi aikin da ido ke gani. A 1928 Skinner ya shiga Harvard, a 1931 ya samu digirin dokta.

Skinner mutum ne mai aikin hannu, shi ke ƙera kayan bincikensa. Ya yi wani akwati mai ɗan ƙarfe a jikin bango, ya sa kusu mai jin yunwa a ciki. Kusu na yawo, sai ya taka ƙarfen ba da nufi ba, ƙwayar abinci ta faɗo. Kafin a jima ya dinga takawa da gangan. Wani alƙalami kuma na zana kowane taki bisa takarda mai juyawa, don haka ana iya ƙidaya koyon kamar yadda ake auna hatsi. Karen Pavlov alama ce ke zuwa kafin ya motsa. Kusun Skinner kuwa shi ke fara aiki, sakamako ya biyo baya. Ƙa'idar ke nan da ya shimfiɗa cikin littafinsa na farko a 1938: aikin da lada ya biyo bayansa nan take, shi ne ake sake yi.

Wata rana ƙwayoyin abincin, waɗanda shi ke yin su da hannunsa, suka kusa ƙarewa. Don ya yi tattali, sai ya gyara akwatin, ba ya ba da lada sai sau ɗaya a minti. Ashe kusu bai bar takawa ba. Daga nan ya gano ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi riƙe mai aiki bisa ga wanda ke zuwa kullum. Shi ya sa, in ji shi, ɗan caca ba ya tashi ko ana cinye shi.

Ya gwada horo kuma. Ya sa ƙarfen ya riƙa marin ƙafar kusu har minti 10, ba abinci. Kusu ya sassauta, amma da aka daina marin sai ya koma, a ƙarshe yawan takinsa ya kamo na ɗan'uwansa da ba a mara ba. Bincike na baya ya nuna horo mai tsanani na iya tsai da aiki ya daɗe. Duk da haka maganar Skinner ta tsaya: bulala na hana abu, amma ba ta nuna abin da ya kamata a yi, kuma wanda aka buga yakan koyi gudun mai bugun.

Lokacin yaƙin duniya na biyu yana jami'ar Minnesota. Ya koya wa tattabaru su riƙa caccakar hoton abin da ake son harba, domin su bi da makami daga ciki. Soja ba su amince ba, aka bar aikin a 1944. Amma cikinsa ne, a 1943, ya samu babbar dabararsa. Shi da abokan aikinsa suna so tattabara ta bugi wata ƴar ƙwallo ta icce da baki. Suka jira suka gaji, ba ta yi ba. Sai suka ba ta hatsi don ta dubi ƙwallon kawai, sa'an nan don ta matsa kusa, sa'an nan don ta taɓa. Cikin ƴan mintoci tana bugu da ƙarfi. Watau ba a jiran aiki ya cika kafin a yaba. Ana saka wa kowane taki da ya nufi hanya.

Wannan sani ne ke kansa ran da ya zauna bayan aji. Bai yi kwanaki ba ya ƙera injin koyarwa. Wani malami, Sidney Pressey, ya riga shi yin irinsa tun shekarun 1920, amma nasa ya fi ƙarfi wajen jarrabawa. Injin da Skinner ya inganta daga baya yana nuna tambaya guda ta wata ƴar taga. Ɗalibi ya rubuta amsa, ya ja hannun injin, amsar gaskiya ta fito ya gwada da tasa. An yanka darasi gutsure-gutsure yadda kuskure zai yi kaɗan, kowa kuma na tafiya gwargwadon saurinsa. A farkon shekarun 1960 abin ya yi tashe a Amurka, kafin shekara 10 ya lafa, domin shirya darussa masu kyau na cin lokaci da kuɗi, yara da dama kuma sun gaji da zama gaban inji.

Masu suka ba su ƙyale shi ba. A 1957 ya fid da littafi a kan magana, yana cewa ita ma da sakamako ake koyonta. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya mayar masa: yaro na ƙaga zancen da bai taɓa ji ba, ba wanda ya ba shi lada a kai. A 1961 kuma tsofaffin ɗalibansa biyu, Keller da Marian Breland, masu horar da dabbobi, suka ba da labarin aladen da suka koya wa kai kuɗin katako cikin asusu. Ya iya sarai, amma da kwanaki suka ja sai ya dinga yar da kuɗin yana tura su da hanci kamar mai tonon ƙasa, ko da hakan na jinkirta masa abinci. Lada na tanƙwara hali, amma akwai halin da ke zanen dutse.

Skinner ya koma Harvard tun 1948, ya huta da aiki a 1974. Ran 10 ga Agusta 1990, yana fama da sankarar jini, ya tsaya gaban taron masana halayya na Amurka ya kare ra'ayinsa. Bayan kwana 8 ya rasu, yana da shekara 86.

Yau masana kaɗan ne suka yarda lada da horo kaɗai sun isa su bayyana ɗan Adam. Amma abin da ya auna bai ƙarye ba. Da shi ake aiki wajen koyar da yara masu jinkirin fahimta, da horar da dabbobi, da darussan kwamfuta da wayar hannu masu nuna wa mutum nan take ko ya yi daidai. Malamin da ba shi da inji ma bai rasa rabonsa ba: ya rage girman taki, ya gyara aiki tun ɗalibi bai tashi ba, ya yaba abin da aka iya kafin ya nuna abin da ya saura.