Kulocin mai ko na waya: wanne ya fi wa mai babur ɗin daji?

Kamfanin Kawasaki na Japan ya fito da babur ɗinsa na tsere KX450 samfurin 2019 ba tare da wayar kuloci ba. A madadinta sai ga siririn tiyo cike da mai. Honda ya bi sahu da CRF450R samfurin 2021. Kamfanonin Turai irin su KTM na Ostiriya da Husqvarna da Beta kuwa sun daɗe da barin waya. Wannan ya sa masu tsofaffin baburan hawa duwatsu da ratsa taɓo suka shiga tambaya: shin ya kamata su ma su ciro kuɗi su sauya?

A babur ɗin da aka saba gani, kamar Bajaj Boxer da ya cika titunan Kano da Maraɗi, idan mahayi ya matse hannun kuloci, wayar ƙarfe ce ke jan wani ɗan maƙali a jikin inji, shi kuma ya raba farantan kuloci. A kulocin mai, matsar hannun tana tura ƙaramin fistin, fistin ya tura mai ta cikin tiyo, man ya tura wani fistin na biyu da ke jikin inji. Da wannan dabarar birkin mota ke aiki, kuma masanin Faransa Blaise Pascal ne ya bayyana ƙa'idarta tun ƙarni na 17.

Masu sayar da kayan sun fi tallata laushi, wato a ce hannu ba zai gaji ba. Akwai gaskiya a ciki, domin mai ba ya gogar kwanso kamar waya. Sai dai ƙarfin da ake buƙata don raba farantai daga sifirin ɗin kuloci yake fitowa, kuma sauya waya da tiyo ba ya taɓa shi. Wanda ya cire tsohuwar waya mai tsatsa zai ji bambanci mai yawa. Wanda wayarsa sabuwa ce, tana shan mai a kai a kai, zai iya mamakin ƙanƙantar abin da ya samu.

Ainihin ribar tana bayyana ne idan inji ya ɗauki zafi. Mai hawan dutse ko mai kutsawa cikin rairayi ba ya sakin kuloci gaba ɗaya. Yana riƙe da shi rabi da rabi don kada inji ya mutu ko taya ta yi ta juyawa a banza. Farantai su yi zafi, su kumbura, ɗan sararin da aka bari a hannun kuloci ya canja, wurin da kuloci ke kamawa ya gusa. Shi ya sa baburan tsere masu waya suke da ɗan abin murɗawa a gindin hannun, ana ganin mahayi yana daidaita shi da yatsa yana tsakiyar gudu. Kulocin mai shi ke daidaita kansa, saboda mai yana shiga ko komawa ɗan tankinsa gwargwadon buƙata. Inda ya kama da safe, nan zai kama da yamma.

A gasa irin ta Erzbergrodeo, wadda ake yi a wani ramin haƙar tama a Ostiriya tun 1995, ko ta Romaniacs a tsaunukan Romaniya, mahaya na shafe sa'o'i yatsa ɗaya na kan kuloci. Baburan Turai masu kulocin mai ne suka mamaye waɗannan gasanni.

Amma fa shi ma yana da nasa ciwon kai. Robar fistin na iya lalacewa mai ya fara yoyo. Iska na iya shiga tiyo, hannun ya yi lakwas, sai an zauna an fitar da ita kamar yadda ake yi wa birki. A wasu babura fistin na biyu yana dab da sarƙa, idan ta tsinke ko ta goce tana iya fasa shi. Akwai kuma batun irin man: kulocin Brembo na Italiya man birki na DOT yake sha, yayin da Hymec na kamfanin Magura na Jamus, wanda ake saye don sauya waya, nasa man daban ne. Bakanike ya zuba wanda ba shi ba, robobin su kumbura, aiki ya ɓaci.

Wani abin da gogaggun mahaya ke faɗa shi ne, waya tana gargaɗi. Da zarar kuloci ya fara wahala, hannu zai ji. Kulocin mai na ɓoye alamar, har mutum ya ƙona farantai bai ankara ba.

Sai maganar aljihu da nisan gari. Kayan sauyawar kan ci dala ɗaruruwa, alhali sabuwar waya ba ta kai ko kusa ba. Matafiyi na iya ɗaure wayar ajiya a gefen wadda ke aiki, idan ta tsinke a daji ya sauya cikin 'yan mintuna. Robar fistin kuwa ba a samunta a rumfar bakaniken ƙauye.

Kafin a kai ga babban kashe kuɗi akwai matakai masu sauƙi: sabuwar waya mai kyau, a tabbatar ba ta lanƙwashe a hanyarta ba, a riƙa ɗiga mata mai, a duba kwandon kuloci ko farantai sun ci bakinsa, domin wannan ma na sa hannu ya yi tauri.

Mai tseren duwatsu da dazuzzuka, wanda kulocinsa ke shan zafi na sa'o'i, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba idan ya koma na mai. Mai hawa jefi-jefi a fili ko kan hanyar burji, sabuwar waya ta ishe shi, ragowar kuɗin gara ya sa su a tayoyi da gyaran shokoziba.